Yaron da Ba Ya Gani: Me Za Mu Yi Masa?

   Yau gaisuwarmu ta musamman tana zuwa ga mutanen Kuchigoro, a bakin hanyar filin jirgin sama ta Abuja: Gbagyi masu gari, da baƙin da neman abinci ya kawo daga Filato da Nasarawa da kudancin Kaduna, da 'yan'uwanmu na Gwoza waɗanda tashin hankali ya kora daga gidajensu a 2014 suka sami mafaka a Sabon Kuchigoro. Harsunanmu na gida dabam-dabam ne, amma da Hausa muke ciniki a kasuwa, da ita kuma za mu yi magana yau.

Bari mu fara da tambaya. A ce a gidanku akwai yarinya 'yar shekara huɗu. Ta yi baƙon dauro, ta tashi, amma idanunta sun yi fari, ba ta ƙara gani ba. Me za ku yi da ita? A gidaje da yawa, hanya biyu ake bi. Ko dai a ajiye ta a ɗaki ana tausayinta, ana ba ta abinci a baki, ba a barinta ta taɓa kome. Ko kuwa, in ta ɗan girma, a haɗa ta da ƙanenta ya zama ɗan jagora su fita bara. Ta haka yara biyu sun rasa makaranta ke nan. Maƙwabtanmu na Karmajiji, inda hukuma ta zaunar da naƙasassu a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, sun san wannan labari fiye da mu.

Amma akwai hanya ta uku. Likitoci da malamai sun yi shekaru da yawa suna bincike a kan yadda makaho yake koyo, yadda yake tafiya, da yadda yake iya ci da kansa. Abin da suka gano yana nuna abu guda: yaron da ya rasa ido bai rasa ƙwaƙwalwa ba, bai rasa hannu ba, bai rasa ƙafa ba. Abin da yakan raba shi da waɗannan shi ne jinkirin mutanen gidansa. Yau za mu duba abin da binciken ya ce, da abin da ya rage gare mu.

Laifin wane ne?

Da fari, akwai wani dutse da ya kamata mu kawar daga hanya. Sa'ad da yaro ya makance, gida yakan shiga neman mai laifi. Wani ya ce maita ce. Wani ya ce uwar ce ta taka wani abu lokacin da take da ciki. Wani ya ce alhakin kakanni ne. Wannan tambaya tsohuwa ce. A cikin Bisharar Yohanna sura 9, almajiran Yesu ma sun yi ta a kan wani mutum da aka haifa makaho, shi kuwa bai ɗora laifin a kan mutumin ko a kan iyayensa ba. Ya 'yan'uwa, kowace ranar da muka ɓata wajen neman mai laifi, rana ce da ido yake ƙara lalacewa.

Mataki na fari: asibiti

Daga 2005 zuwa 2007, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da ƙungiyar Sightsavers da masana daga Landan, ta aika likitoci ko'ina a Nijeriya. Sun duba idanun mutum 13,599, 'yan shekara 40 zuwa sama. Sun tarar cewa mutum 4 cikin kowane 100 makafi ne. A arewa maso gabas, inda 'yan'uwanmu na Gwoza suka fito, mutum 6 ne cikin 100. A kudu maso yamma kuwa ba su kai 3 ba. To, ga abin da ya fi muhimmanci: cikin kowane makafi 100, mutum 84 makantarsu irin wadda za a iya hanawa ce, ko a warkar.

Babban dalili shi ne yanar ido, wadda ta makantar da 43 cikin makafi 100. Likita yakan cire yanar ya sa wani ɗan gilashi a madadinta, aikin da ba ya kai awa guda. Amma binciken ya tarar mutane da yawa sun je wurin masu maganin gargajiya, waɗanda sukan tura yanar zuwa cikin ido da tsinke. Kusan uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka sun zauna a makance. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dalili na biyu shi ne hawan jinin ido. Yawanci ba ya zafi, yana cin gani a hankali daga gefe, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Yakan bi dangi, saboda haka in mahaifinka ya makance da shi, je a auna naka.

Ga yara kuma labarin dabam ne. A 1979 wasu likitoci biyu da suka yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, sun rubuta yadda baƙon dauro yake jawo gyambo a idon yaran arewa, musamman waɗanda ba sa samun isasshen abinci mai gina jiki. Maganin wannan yana kusa da mu: allurar rigakafin baƙon dauro a wata 9, ta biyu a wata 15, da ɗigon bitamin A duk bayan wata shida har yaro ya kai shekara biyar. Kada a ɗiga wa idon yaro ruwan ganye, ko ruwan sukari, ko fitsari. In kuwa kun ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, kada ku jira ya girma. Wataƙila yana ce, wadda ake so a cire tun cikin watannin farko, wataƙila kuma ciwon daji ne na ido, wanda yake iya ɗaukar rai.

Akwai sashen ido a Babban Asibitin Ƙasa a nan Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943.

Ɗan ganin da ya rage

To, in likita ya ce idon ba zai gyaru ba fa? Ku yi masa tambaya ta biyu: akwai ɗan ganin da ya rage? Gama yawancin waɗanda muke kira makafi ba cikin baƙin duhu suke ba. Wani yana ganin haske, wani yana ganin launi, wani yana iya ganin baƙi in an rubuta shi da girma.

A dā, malamai suna tsammani in yaro mai raunin gani ya yi karatu, sauran ganin zai ƙare. Har sukan hana shi duba littafi. A 1964 wata malama a Amurka, Natalie Barraga, ta gwada wannan magana. Ta tarar cewa yaran da aka horar su yi amfani da ɗan ganinsu sun ƙara iya amfani da shi. Ido ba kyandir ba ne da zai ƙare don an kunna shi.

A 1995 kuma aka wallafa wani bincike da aka yi a makarantun makafi na Kenya da Yuganda. An duba yara 230. Kusan biyu cikin uku suna da sauran gani mai amfani. A cikin waɗannan kuwa, kusan huɗu cikin biyar sun iya karanta rubutun littafi sa'ad da aka ba su tabarau ko gilashin ƙara girman rubutu. Ku lura, yaran nan suna makarantar makafi ne.

Wannan ya shafi yaranmu zabiya ƙwarai, gama yawancinsu ana haifarsu da raunin gani. In yaro yana kawo littafi dab da hancinsa, kada a buge hannunsa. A roƙi malami ya zaunar da shi a layin gaba, ya yi rubutu da manyan baƙaƙe, yana kuma faɗin abin da yake rubutawa a allo da baki.

Makaranta ta fari ita ce gida

Me ke sa jariri ya fara rarrafe? Yana hango abu ne, yana so ya kama. Wata masaniya a Amurka, Selma Fraiberg, ta yi shekaru tana lura da jarirai da aka haifa makafi, ta rubuta abin da ta gani a 1977. Ta tarar suna zama da tsayuwa kusan lokaci ɗaya da sauran yara, amma suna jinkirin rarrafe da tafiya, domin babu abin da yake kiransu su matsa. Sai wajen ƙarshen shekara ta fari suke gane cewa ƙarar da suke ji tana da jiki da za a iya kamawa. Ta kuma ga cewa in an koya wa iyaye yadda za su taimaka, jinkirin yakan ragu.

Yaya za a taimaka? Ba ya bukatar kuɗi. Uwa ta riƙa yi wa jaririn magana tana faɗin abin da take yi: “Ga ruwa, zan yi maka wanka. Ga hannunka, ga ƙafarka.” Goyon da muka gada ma taimako ne, gama yaro a baya yana jin motsi, yana jin daka da shara da muryoyin kasuwa. A zuba tsakuwa a gwangwani a rufe shi sosai, a kaɗa shi kusa da hannunsa, gobe a matsar da shi kaɗan. A sa hannunsa a kan ƙwarya, da tsintsiya, da bayan akuya, ana faɗa masa sunan kowane abu. A yi masa wannan da harshenku na gida, ko Gbagyi ne, ko Ngas, ko Bajju, ko Glavda. Yaron da ya cika da maganar gida ba zai sha wuyar Hausa da Turanci a makaranta ba.

In ya fara tafiya, a bar kayan gida kowane a wurinsa, domin ya haddace hanya. Ƙofa ta kasance a rufe ko a buɗe sarai. A rufe bakin rijiya, a kange murhu. In ka shigo ka faɗi sunanka, in za ka fita ka faɗa masa, kada ka bar shi yana magana da bango. A koya masa wanka, da sa riga, da wanke kwano, da ɓarar gyaɗa, kamar sauran yara. Zai faɗi, zai zubar da miya. Mai ido ma yana yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tausayin da ya hana yaro aiki kuwa cuta ce.

Karatu da yatsa

Yanzu mu zo kan karatu. Louis Braille yaro ne ɗan ƙasar Faransa, an haife shi a 1809. Yana shekara uku ya soki idonsa da abin aikin mahaifinsa, wanda baduku ne, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance. A 1824, yana shekara 15, ya ƙago rubutun da makafi suke amfani da shi har yau a duk duniya. Ku ɗauki misalin ramuka shida na wasan dara, uku a hagu, uku a dama. A madadin ramuka, ɗigo ne masu tudu a kan takarda, ƙanana, daidai kan yatsa. Ta wurin zaɓen waɗanda za su taso cikin shidan nan, ana samun alamu 63, sun isa a rubuta baƙaƙe, da lissafi, da alamun kiɗa. An daidaita shi ga Hausa ma, har da ɓ da ɗ da ƙ. Yaro yana rubutu da ɗan allo mai ramuka da tsinken ƙarfe, yana hudawa daga dama zuwa hagu, ya juya takardar ya karanta daga hagu zuwa dama.

Wani zai ce, ashe wannan karatu ne na gaske? A 1996 masana sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar makafi sa'ad da suke karatu da yatsa. Sun ga sashen ƙwaƙwalwa da yake aikin gani a wurin masu ido yana aiki a wurinsu. Wato ƙwaƙwalwa ba ta bar wurin ya zauna banza ba, ta ba yatsa aro.

Wani kuma zai ce, yanzu ai waya tana karanta wa mutum rubutu. Gaskiya ne. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, akwai kuma NVDA ta kwamfuta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka yi, ana samunta kyauta. Waɗannan taimako ne babba. Amma kunne ba ya koya wa yaro yadda ake haɗa baƙaƙe. A 1996 ɗin nan, wata malama mai suna Ruby Ryles ta bincika manya 74 a jihar Washington ta Amurka, dukansu masu makanta tun haihuwa. Cikin waɗanda suka fara karatu da rubutun Braille, kashi 44 cikin 100 ne ba su da aikin yi. Cikin waɗanda aka bari suna fama da rubutun masu ido, kashi 77 ne. Mutanen ba su da yawa, ƙasar kuma ba tamu ba ce, amma darasin a fili yake. Wanda ɗan ganinsa ya isa karatu, ya yi karatu da ido. Wanda nasa bai isa ba, ko yana raguwa, ya koyi karatu da yatsa tun yana ƙarami.

Wani yaro daga Donga

Kada ku ce duk wannan labarin Turawa ne. A 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, a jihar Filato ta yau, ita ce ta fari a Nijeriya. A 1955 aka kawo wani yaro daga Donga, a jihar Taraba ta yau, sunansa Bitrus Gani-Ikilama. An haife shi a 1944, baƙon dauro ya makantar da shi yana shekara biyar, kamar yarinyar da muka fara misali da ita. Ya koyi karatu da yatsa, ya shiga sakandare tare da yara masu ido. Daga nan ya tafi Landan ya koyi aikin gashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya, ya gama a 1967. Ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Legas, daga baya ya koma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A 1976 ya kafa ƙungiyar Hope for the Blind a Zariya domin taimakon makafi masu karatu. Ya rasu a 2011.

Ku yi tunani. Mutane nawa masu ido, waɗanda suka karye ko suka shanye, suka sāke tafiya ta hannun wannan makaho? Da an ba shi ƙoƙon bara yana shekara goma, da duk wannan bai faru ba. Wani a gidansu ya yarda a kai shi Gindiri.

Babban da ya makance

Ba yara kaɗai ba. Akwai baba da ya makance yana shekara hamsin, ya zauna a kan tabarma, ya ce tasa ta ƙare. Shi ma akwai abin da za a koya masa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a wani asibitin soja a Amurka, wani mai suna Richard Hoover ya shirya hanyar tafiya da doguwar sanda domin sojojin da suka makance. Ana riƙe sandar a tsakiyar jiki, ana kaɗa ta dama da hagu daidai faɗin kafaɗa, tana taɓa wurin da ƙafa za ta sauka kafin ƙafar ta isa. Wanda ya iya wannan zai san kwata da rami kafin ya faɗa. Ba ya bukatar a cire jikansa daga makaranta ya zama ɗan jagora. In kuwa za ka yi wa makaho jagora, kada ka ja shi da sanda ko ka tura shi daga baya. Bari ya riƙe hannunka bisa gwiwar hannu, kai kana gaba da rabin taki, kana faɗa masa in akwai hawa ko gangara.

Sana'a fa? Tun 1957 akwai cibiyar koya wa makafi noma a Legas. Da igiya mai ƙulli-ƙulli, manomi makaho yana iya fitar da kunya madaidaiciya ya ba shuka tazara. Kiwon kaji, saƙa, yin sabulu, ciniki a ƙofar gida, duk makafi suna yi. Tun wajen 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya take ƙarfafa a yi irin wannan horo a cikin gida da unguwa, inda mutum ya saba, tare da iyalinsa, gama ba kowa ne zai iya zuwa wata cibiya mai nisa ba. Wanda ya iya noma kafin ya makance, hannunsa bai manta ba.

Ina za mu nufa?

Daga Kuchigoro zuwa Jabi ba nisa, a can kuwa akwai makarantar makafi ta hukumar Abuja. Ku je ku tambaya da bakinku. Makarantar Gindiri tana nan a hannun COCIN. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano suna horar da malaman yara masu bukata ta musamman, haka ma kwalejin tarayya ta Oyo da aka kafa a 1977. Tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman, har da Abuja.

Doka ma tana bayanku. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati, ta kuma hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara. A 2020 aka kafa hukumar da za ta lura da dokar. Mun sani abin da ke takarda ba kullum yake isa ƙofar talaka ba. Littattafan Braille suna da wuyar samu, malaman da suka iya shi kaɗan ne. Amma uban da ya san dokar zai yi magana da shugaban makaranta da gaba gaɗi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin mota zuwa asibiti, da allo da tsinken rubutu, da farar sanda, ba su fi ƙarfin zumuntar mata ko ƙungiyar 'yan gari ba in an haɗa kai. Matasa masu karatu za su iya karanta wa ɗalibi makaho littafinsa su ɗauka a waya. A majami'a da wurin taro, kada a ajiye makaho a ƙofa yana jiran sadaka. A ba shi wuri a ciki, a ba shi aiki.

Masu sauraro, kafin mu rabu, ga aikin da muke bar muku a wannan mako. Ku tuna da gida ɗaya a layinku inda akwai yaron da ba ya gani, ko tsohon da ya daina fita. Ku je ku gaishe su. Ku yi tambaya uku: Likitan ido ya taɓa duba shi? Akwai ɗan ganin da ya rage? Wa yake koya masa? In amsar ita ce babu, to, kun san inda za a fara.